Wasiƙa: Wa'adin Shekara Bakwai a Hukumar Hana Makamai Masu Guba, da Masu Rubuta Dokarsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ku ba mu fili mu yi bayani kan wani sashe na aikin Hukumar Hana Makamai Masu Guba ta Duniya, OPCW, wanda ba kasafai yake shiga labarai ba. Duk sanda sunan hukumar ya fito a jarida ko a rediyo, abin da ake nuna wa jama'a shi ne sufeto sanye da rigar roba da takunkumin fuska, yana ɗibar ƙasa a cikin kwalba a wani ƙauye na Siriya. Ba a cika tambayar wa ya ɗauke shi aiki ba, da wace ƙa'ida, nawa ake biyansa, wa zai kai wa ƙara idan an zalunce shi, kuma yaushe zai tattara ya tafi. Amsar waɗannan tana wani ƙaramin ofis a hedkwatar hukumar da ke birnin Hague na ƙasar Holan, inda ake rubuta manufofin ma'aikata. Mu a ganinmu, amincin rahoton da sufeton zai rubuta daga teburin nan yake farawa.

Hukumar ta soma aiki ranar 29 ga Afrilu 1997, ranar da Yarjejeniyar Haramta Makamai Masu Guba ta fara aiki, bayan an buɗe ta don sa hannu a birnin Faris cikin Janairu 1993. Ƙasashe 193 ne mambobinta, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Masar da Koriya ta Arewa da Sudan ta Kudu ba su shiga ba, Isra'ila kuma ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Ma'aikatan Sakatariyarta kimanin 500 ne. Ga hukumar da ta sa ido aka lalata tan 72,304 na guba, ta kuma karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2013, wannan adadi kaɗan ne ƙwarai, kuma da gangan aka yi haka. Sakin layi na 44 na Sashe na 8 na yarjejeniyar ya ce kada yawan ma'aikata ya wuce iyakar abin da aiki yake buƙata.

Sakin layin nan na 44 shi ne alƙiblar duk wanda zai rubuta dokar ma'aikata a can. Abu huɗu ya ƙunsa: ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana su ne kan gaba wajen ɗauka, ɗan ƙasar da take mamba kaɗai za a ɗauka, a kula a ɗebo ma'aikata daga sassan duniya gwargwadon iko, a taƙaita yawansu. Sakin layi na 46 ya ƙara da cewa ma'aikaci ba zai nemi umarni daga wata gwamnati ba, ba zai karɓa ba, ko da ta ƙasarsa ce. A ƙarƙashin yarjejeniyar akwai Ƙa'idojin Ma'aikata, waɗanda Babban Taron ƙasashe mambobi kaɗai ke iya canzawa. Ƙarƙashinsu akwai Dokokin Ma'aikata, waɗanda har yau sunansu na hukuma "na wucin gadi" ne, ko da yake sun haura shekara 20 ana aiki da su. Can ƙasa kuma akwai takardun umarnin gudanarwa da Babban Darakta ke sa wa hannu, su ne ke faɗin yadda za a yi kowane abu filla-filla: hutu, tafiye-tafiye, auna ƙwazo, ladabtarwa, kuɗin makarantar yara. Na ƙasa ba ya saɓa wa na sama. Wasu daga cikin shari'un da hukuma irin wannan ke faɗuwa a kai, idan aka bi diddigi, wani ne ya rubuta takardar umarni ya manta da wani layi da ke cikin Ƙa'idoji.

Abin da ya fi komai wahalar da wannan ofis shi ne wa'adin shekara bakwai. OPCW ta ayyana kanta a matsayin hukumar da ba a tsufa a cikinta. Ma'aikacin da aka ɗauko daga waje a matakin ƙwararru a ƙa'ida ba zai wuce shekara bakwai ba jimilla, ko da ya canza kujera, ko da an ƙara masa girma. Akan fara ba shi kwantiragi na shekara biyu ko uku, watanni shida na farko na gwaji, sannan a riƙa sabuntawa har agogo ya cika. An keɓe masu fassara da tafinta na harsuna shida na hukumar, wato Larabci da Sinanci da Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Sifaniyanci, da ƙananan ma'aikatan da ake ɗauka a cikin gida Holan. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da hukumar da ke sa ido kan haramta gwajin nukiliya, dukansu a Vienna, su ma suna da nasu wa'adin na shekara bakwai, sai dai kowace da irin sassaucinta.

Hujjar masu wannan tsari ba ta banza ba ce. Ilimin sinadarai yana sauyawa, masana'antu suna sauya injuna da hanyoyin sarrafawa, kuma sufeton da ya bar masana'anta shekara 20 da suka wuce zai iya tsayawa gaban sabon inji bai san abin da yake kallo ba. Ana kuma gudun kada mutum ya daɗe yana ziyartar wuri ɗaya har ya saba da masu wurin, ido ya fara jin kunyar ido. Ga kuma batun rabo: idan kujera ba ta taɓa zama fanko, ƙasashen da suka shigo daga baya ba za su taɓa ganin ɗansu a kai ba.

Amma aiwatarwa ta zo da rikici tun ranar farko. Babban Taro ya amince da Ƙa'idojin Ma'aikata ranar 2 ga Yuli 1999, da wa'adin a ciki, ba tare da an tsayar da ranar da za a fara ƙirga ba. Sai a 2003 aka yanke cewa ƙirga ta fara daga wannan rana ta 2 ga Yuli 1999. Ku duba abin da wannan ke nufi. Ɗaruruwan mutanen da suka kafa hukumar a 1997, da duk wanda ya shigo kafin tsakiyar 1999, wa'adinsu zai cika rana guda, a Yuli 2006, a daidai lokacin da Amurka da Rasha ke tsakiyar lalata rumbunan makamansu masu guba, ana buƙatar sufetoci dare da rana a wuraren. Dole aka koma sallamar mutane kashi-kashi tun kafin wa'adinsu ya cika, wajen kashi ɗaya cikin bakwai a kowace shekara, aka kuma ba Babban Darakta izini na ɗan lokaci ya riƙe wasu fiye da shekara bakwai. An ɗaga ranar ƙarewar wannan izini fiye da sau ɗaya. Waɗanda aka sallama da wuri da dama sun garzaya kotu. Kuskuren a fili yake ga duk mai wannan sana'a: an kafa doka mai ƙirga kwana ba a rubuta ranar farawa ba, ba a kuma tanadi yadda za a yi da waɗanda dokar ta tarar a ciki ba.

Bari mu yi lissafin da jami'in manufofi yake yi. A misali kawai, a ce kujeru 350 ne wa'adin ya shafa. Kashi ɗaya cikin bakwai shi ne 50 a shekara, kusan mutum ɗaya kowane mako, ban da masu ajiye aiki da kansu da masu cika shekara 65 na ritaya. Kowace kujera sai an duba bayanin aikinta, an tabbatar da matakinta, an yi talla, an tace takardu, an yi jarrabawar rubutu, an yi ganawa gaban kwamiti, an tuntuɓi wuraren da mutum ya yi aiki, likita ya duba shi, an tantance shi ta fuskar tsaro, sannan ya ba tsohon wurin aikinsa sanarwa, ya kwaso iyali. Wannan yakan ci watanni da yawa. Idan ba a fara neman magaji kusan shekara guda kafin mai kujera ya tafi ba, kujerar za ta zauna fanko, kuma wanda ya tafi da wanda ya zo ba za su taɓa haɗuwa ba balle a miƙa aiki hannu da hannu. A biya mutum biyu a kujera ɗaya na wata ɗaya ko biyu don su haɗu, shi ne maganin, amma kasafin kuɗi ba ya son jin haka.

Na sufeto ya fi haka tsawo. Sufetocin hukumar kala-kala ne: masana yadda ake sarrafa sinadarai a masana'anta, masu nazarin samfur a ɗakin gwaji, masana harsasai da bama-bamai masu ɗauke da guba, da jami'an lafiya da kariya. Sabon shiga yana yin horo na kimanin wata uku, har da atisaye da guba ta gaske cikin kayan kariya. Ba zai shiga wata ƙasa da bincike ba sai Sakatariya ta aika wa ƙasar sunansa da ƙasarsa da muƙaminsa, ƙasar kuma tana da kwana 30 ta ce ba ta yarda da shi ba. Idan ta ƙi shi, shi ke nan, ba zai taka ƙasar da sunan bincike ba, don haka mai tsara tawaga dole ya riƙe jerin wa aka karɓa a ina. Sai biza, wadda yarjejeniya ta ce ta zama ta shiga da fita sau da yawa, mai aiki aƙalla shekara biyu. A binciken ba-zata da wata ƙasa ta nema a kan wata, ba a sa ɗan ƙasar da ta nema ko ɗan ƙasar da ake bincika a cikin tawaga. Bayan duk wannan, kafin mutum ya iya jagorantar tawaga, ya zauna da manajan masana'anta da wakilan gwamnati su yi ta ja-in-ja kan wane ɗaki za a buɗe, wane hoto za a ɗauka, sai ya yi shekaru yana bin na gaba da shi. Shekarar ƙarshe kuwa hankalinsa ya rabu, rabi a aiki rabi a neman inda zai faɗa, ga yara a tsakiyar karatu. Aski ya zo gaban goshi. Idan aka cire farko da ƙarshe, abin da hukuma ke mora da gaske bai cika wuce shekara biyar ba.

Lamarin Siriya ne ya tona wannan a 2013. Bayan harin guba da aka kai Ghouta, kusa da Damaskus, cikin Agusta, Siriya ta shiga yarjejeniya, aka buƙaci gogaggun sufetoci cikin 'yan kwanaki, a tsakiyar yaƙi, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka san aikin wa'adi ya riga ya fitar da su. Aka koma ana kiran tsofaffin hannu. A 2014 Babban Taro ya amince a riƙa sake ɗaukar tsofaffin sufetoci na ɗan wa'adi. Wannan ya toshe ɓaraka, amma ya haifi nasa tambayoyin da sai ofishin manufofi ya amsa a rubuce: a wane mataki za a dawo da mutumin da ya taɓa zama shugaban tawaga, wa zai zama na gaba da wa, kashi nawa na sufetoci za su iya zama 'yan dawowa kafin manufar wa'adin ta zama wasa.

Yanzu matsalar ta sake kama. Ranar 7 ga Yuli 2023 aka lalata makami na ƙarshe cikin rumbunan da ƙasashe suka bayyana, a Blue Grass da ke jihar Kentucky ta Amurka. Rasha ta gama nata tun Satumba 2017. Wuraren nan su ne makarantar da sufetoci ke ganin makamin guba da idonsu, su san yadda harsashi mai tsatsa yake yoyo, su san ƙarar na'urar gargaɗi. An rufe su. Abin da ya rage shi ne tsofaffin bama-baman Yaƙin Duniya na Ɗaya da manoma ke tonowa a Beljiyam da Faransa, da waɗanda sojojin Japan suka bari a Sin, da abin da ake bankaɗowa a Siriya tun faɗuwar gwamnatin Assad a Disamba 2024. Cibiyar kimiyya da horo da hukumar ta buɗe a Mayu 2023 kusa da Hague tana taimakawa. Amma ilimin da ke kan mutum ba ya shiga fayil gaba ɗaya. Takardar miƙa aiki da aka rubuta a makon ƙarshe, tsakanin sayar da mota da mayar da makullin gida, ba ta da amfani. Manufa mai kyau tana sa a fara tattara ilimin mutum tun saura wata shida ko fiye, a zaunar da shi a yi masa tambayoyi a naɗa, a haɗa shi da na baya a fita aiki tare, a kuma sa wannan cikin abin da ake auna ƙwazon shugabansa da shi. In ba a ɗaura shi a wuyan shugaba ba, ba ya faruwa.

Sai albashi, wanda shi mutanenmu suka fi tambaya. OPCW ba reshen Majalisar Ɗinkin Duniya ba ce, hukuma ce mai cin gashin kanta da ke da yarjejeniyar hulɗa da Majalisar, amma tana bin ma'aunin albashin Majalisar. Matakan ƙwararru daga P-1 zuwa P-5 ne, sai daraktoci D-1 da D-2. Albashin ƙwararre kashi biyu ne: tushe, wanda yake daidai a ko'ina a duniya, da ƙarin tsadar gari, wanda ke hawa da sauka bisa farashin kaya da canjin kuɗi. Kowane maki ɗaya na ƙarin daidai yake da kashi 1 cikin 100 na tushe. A misali, tushen dala 6,000 a wata da maki 50 zai ba da ƙarin dala 3,000. Ƙananan ma'aikata kuwa ana auna nasu da abin da manyan ma'aikatu ke biya a garin. Akwai hutun kwana 30 a shekara, da tikitin zuwa gida duk shekara biyu, da tallafin karatun yara. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, tsarin da hukumar ta faro da shi ba shi da fansho na wata-wata. Asusun ajiya ne: ana cire kashi 7.9 daga ma'aikaci, hukuma ta zuba kashi 15.8, ranar tafiya a damƙa masa a dunƙule. A irin wannan tsari, ga wanda ya ajiye aikin gwamnati a gida yana ɗan shekara 45, ya dawo yana 52 da kuɗi a hannu ba fansho, ba inshorar lafiya, wannan lissafi ne da ya kamata ya yi tun kafin ya sa hannu. Wanda zai iya samun hutun-ba-albashi daga ma'aikatarsa, ya nema a rubuce kafin ya tafi.

Sirri shi ne ɗaya ƙafar aikin. Kamfanonin sinadarai sun yarda baƙi su shiga masana'antunsu ne bisa alkawarin cewa sirrin sana'arsu ba zai fita ba. Saboda haka kowane ma'aikaci yana sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri da ke ɗaure shi muddin yana aiki, da ƙarin shekara biyar bayan ya bari. Bayanai hawa uku ne, kowane da waɗanda aka yarda su gani, kuma kafin a ba ma'aikaci izinin ganin bayanan sirri na wata ƙasa sai an sanar da ƙasar aƙalla kwana 30. Yarjejeniya ta ce a duba yadda mutum ke riƙe sirri wajen auna ƙwazonsa. Barazanar ba tatsuniya ba ce: a Afrilu 2018 jami'an Holan suka kama wasu 'yan Rasha huɗu da na'urori a bayan mota, a wurin ajiye motoci na otal ɗin da ke maƙwabtaka da hedkwatar, suna ƙoƙarin kutsawa intanet ɗin hukumar. Ta cikin gida ma an ji jiki. A Fabrairu 2020 hukumar ta fitar da sakamakon bincike cewa wasu tsofaffin sufetoci biyu, dukansu cikin waɗanda aka sake ɗauka, sun karya dokar sirri kan binciken harin guba da aka kai garin Douma na Siriya. Su kuma suka ce ra'ayinsu na kimiyya aka danne. Ba mu zo raba wannan gardama ba. Abin da ya shafi mai rubuta manufa shi ne, dokar da ta ce "kada ka faɗa a waje" dole ta zo da ƙofar da mutum zai faɗa a ciki, a rubuta saɓaninsa, a amsa masa, ba tare da ya ji tsoron sabunta kwantiraginsa ba. Mai kwantiragin shekara ɗaya ba ya ɗaga murya da sauƙi.

Idan ma'aikaci ya ga an zalunce shi, kotun Holan ba ta da hurumi, domin hukumar tana da kariya. Zai fara neman Babban Darakta ya sake duba hukuncin, sannan ya je kwamitin ɗaukaka ƙara na cikin gida, in bai gamsu ba ya kai ƙara Kotun Gudanarwa ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Geneva cikin kwana 90 da samun hukuncin ƙarshe. Wanda ya makara da kwana ɗaya ya rasa, komai gaskiyarsa. Hukuncin kotun ba a ɗaukaka shi. Mai rubuta manufa yana karanta hukunce-hukuncen nan kamar yadda ɗan kasuwa ke bin farashi, domin daga cikinsu ake sanin inda rami yake. Hukuma tana ɗaure da dokar da ta rubuta da hannunta har sai ta canza ta. Ba a mayar da sabuwar doka baya ta cuci mutum. Akwai haƙƙoƙin da mutum ya shigo aiki a kansu waɗanda ba a taɓawa. Ƙin sabunta kwantiragi sai da dalili da sanarwa a kan lokaci. Wanda za a sallama don rashin ƙwazo sai an nuna an gargaɗe shi a rubuce, an ba shi lokaci ya gyara, an cike takardun aunawa a kan kari. Shugaban da ya yi shekara biyu yana rubuta "madalla" don gudun ɓacin rai, ya zo shekara ta uku ya ce mutumin ba ya aiki, ya riga ya kayar da hukumarsa.

Kotun ba ta tsaya kan ƙanana ba. A Afrilu 2002, bisa matsin Amurka, taron musamman na ƙasashe mambobi ya tsige Babban Darakta na farko, José Bustani ɗan Birazil, da ƙuri'a 48, bakwai suka ƙi, 43 suka ƙaurace. A Yuli 2003 kotun Geneva ta ce tsigewar ta saɓa doka, ta taɓa 'yancin ma'aikacin ƙasa da ƙasa, ta ba shi diyya, ciki har da Yuro 50,000 na ɓata masa suna.

Ita kanta takardar umarni ba a rubuta ta a zama ɗaya. Ana fara da gano ainihin matsalar daga ƙorafe-ƙorafe, da rahoton masu binciken cikin gida, da hukuncin kotu. A duba yadda Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumomin Vienna suka yi da irinta. A kai wa masu kasafi su faɗi kuɗin da za ta ci, a kai wa ofishin lauyan hukuma, a zauna da majalisar wakilan ma'aikata. Tsallake zaman nan da wakilan ma'aikata don sauri ya isa ya rushe takardar daga baya. Idan canjin ya taɓa Ƙa'idoji, sai ya bi ta kwamitin ba da shawara kan kuɗi da gudanarwa, ya je Majalisar Zartarwa mai ƙasashe 41, wadda Afirka ke da kujeru tara a ciki, sannan Babban Taro da ke zama sau ɗaya a shekara wajen ƙarshen Nuwamba. Wanda ya kuskure wannan zama sai baɗi. Kalmomi kuma su ne fagen fama: "zai iya" da "dole ne" ba ɗaya ba ne, "kwana 30" na kalanda ne ko na aiki, "iyali" ya haɗa da wa. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, domin tsarin alawus na Majalisar Ɗinkin Duniya mata ɗaya yake lissafawa, kuma ɗan riƙo sai da takardar da doka ta amince da ita.

Mu zo kan rabon kujeru, inda muke da ƙorafi kuma muke da laifi. Mai karatu a Najeriya zai ɗauka akwai wani abu kamar tsarin raba daidai, kowace ƙasa da kasonta. Babu. Yarjejeniya ta sa ƙwarewa a gaba, yanki a baya. Ƙasashen Afirka sun daɗe suna kukan cewa 'ya'yansu ba su da yawa, musamman a manyan kujeru, kuma kukan yana da tushe. Wasu dalilan daga tsarin suke. Kujerun ƙananan jami'ai da gwamnatoci ke ɗaukar nauyi, ƙasashe masu kuɗi ne ke iya biya wa 'ya'yansu. Zaman koyon aiki a gari mai tsadar haya kamar Hague ya fi ƙarfin ɗan talaka. Jarrabawar da ake ba minti 90 ta intanet ba ta san an ɗauke wuta ba. Waɗannan duk abubuwa ne da manufa za ta iya gyarawa, kuma wakilanmu a Majalisar Zartarwa su ne masu bakin faɗa.

Wasu dalilan kuwa namu ne. Ana cike fom rabi, a liƙa takardar tarihin aiki a ce "duba ciki", alhali mai tacewa abin da ke cikin fom kaɗai yake ƙirgawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce digiri na biyu da shekara biyu na aiki don P-2, biyar don P-3, bakwai don P-4, goma don P-5, mai digiri na farko kuma ya ƙara shekara biyu a kai. Wanda bai rubuta wata da shekarar fara kowane aiki da barinsa ba, ba za a iya ƙirga masa ba, sai a ajiye shi. A ganawa ana tambayar abin da kai ka yi a wani lamari takamaimai, me ya faru, me ka yanke, me ya biyo baya. Mu kuma tarbiyya ta koya mana cewa "mun yi", faɗin "na yi" kamar yabon kai ne, sai kwamiti ya kasa gane rawar da mutum ya taka. Wasiƙar minista ko ta jakada ba ta ƙara maki, tana iya jawo tambaya kan sakin layi na 46. A nan uwa a gindin murhu ba ta hana cin tuwo gaya. Kuma hukumar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗauka. Duk wanda ya turo saƙon WhatsApp yana neman kuɗin fom ko na biza da sunanta, ɗan damfara ne.

Masu ƙwarewar muna da su. Injiniyan da ya yi shekaru a matatar mai ta Kaduna ko ta Zinder, ko a kamfanin takin zamani, ya san bututu da tukunyar haɗa sinadari. Mai nazarin samfur da ya saba da na'urorin tantance sinadarai a ɗakin gwajin magunguna ko na jami'a, da sojan da ya ƙware a kwance bam, da likitan masana'anta, duk irin waɗanda ake nema ne. Ɗan Nijar ko Kamaru mai Faransanci da Ingilishi, da ɗan Chadi ko Sudan mai Larabci, suna da abin da wasu ba su da shi. Ba masana kimiyya kaɗai ba: ofishin manufofin da muke magana a kai lauyoyi da masana gudanarwa yake ɗauka, su ma shekara bakwai suke yi su tafi, har da wanda ya rubuta dokar wa'adin.

Hukumar tana da shiri na musamman don Afirka tun 2007, da wani shirin horar da masana sinadarai da injiniyoyi daga ƙasashe masu tasowa da ake yi tun 2000, kuma neman shiga irin waɗannan yana bi ne ta hukumar ƙasa da kowace mamba ta kafa don yarjejeniyar. A Najeriya tana ƙarƙashin Ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya a Abuja. Roƙonmu gare ta, da takwararta ta Yamai, shi ne su riƙa aika sanarwar guraben aiki da na horo zuwa sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai tun ranar da ta fito, domin tallan yakan rufe cikin 'yan makonni. Ku ma, Malam Edita, idan kuka ware ɗan gurbi a shafinku na ilimi kuna buga irin waɗannan sanarwa da ranar rufewarsu, za ta kai ga waɗanda ba sa leƙa shafin hukumar.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin kula da ma'aikata da nazarin dokokin hukumomin ƙasa da ƙasa